Hoton Kan 'Yan Biyun Challawa

A kamfanin jimar fata da ke Challawa babu wanda bai san Hasan da Usaini ba. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki suna samari, aka ɗora su a kan injin aske fata, wanda ake tura wa fatar akuya da hannu biyu, wuƙaƙensa na juyawa suna rage mata kauri. Aiki ne da ba ya yafe kuskure. Sun yi shekaru a kansa har furfura ta fito musu, Hasan a injin dama, Usaini a na hagu, babu wanda ya taɓa barin ko farce a ciki. Kamarsu ɗaya sak, har sababbin ma'aikata kan gai da mutum ɗaya sau biyu. Hali ne kowa da nasa. Hasan ba ya ɓoye abin da ke damunsa. Usaini kuwa ko kwalba ya taka sai dai ka ga jini a ƙasa.

Har hancinsa Usaini yana alfahari da shi. Duk wanda ya shigo Challawa warin jima da na kwata ne ke fara tarbarsa, ma'aikata na ɗaure fuska da ƙyalle. Shi ya daɗe da daina ji. Idan yara suna toshe hanci sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai ku daɗe a nan. Hanci ma sabo yake yi."

Ciwon Hasan da kafaɗa ya fara. Ya ce kamar an zuba masa garwashi a ƙarƙashin fata. Daga nan ya sauko baya, ya shiga ƙafafu. Da asuba yatsun ƙafarsa kan nannaɗe su murɗe, ya kasa taka ƙasa ya je masallaci. An yi hoton ƙashi ba a ga komai ba. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, an yi tofi, shiru.

Usaini bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Raki ne. Tun ranar da wanzami ya yi mana kaciya na san ka. Ni ko uffan ban ce ba, kai kuwa sai da unguwa ta taru."

Hasan yakan ce, "Usaini, wannan daban ne."

"Kowa jikinsa na ciwo. Mu ma da muke shiru ba ƙarfe ba ne."

Sai daga baya hannun dama ya soma rawa, tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daskare kamar ta mai fushi. A asibiti aka ce ciwon makyarkyata ne, wanda likitoci ke kira Parkinson, yana cin wani sashe na ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ba ya warkewa. Hasan ya bar aiki ya koma gida Dorayi, matarsa Atika na jinyarsa. Ƙwayoyin da aka ba shi sun rage rawar, amma ƙunar tana nan. Usaini ya yarda da rawar, tunda ido na ganinta. Ƙunar ce dai ya ci gaba da ɗauka rabinta ciwo, rabinta hali. Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo daga Kumbotso ya zauna da ɗan'uwansa a soro, ya saurari koke, ya ce a yi haƙuri, ya tafi.

Wata Juma'a Atika ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam Usaini, likitarsa ce ta aiko. Wai suna wani bincike a kan masu irin ciwonsa, don a gane dalilin zafin da suke ji. Za su ɗauki hoton cikin kansa. Ta ce kowane maras lafiya ya zo da wani mai lafiya, sa'arsa, a gwada a gani. Na ce ai shi da sa'arsa aka haife shi."

"Zai warkar da shi?"

"Ta ce a'a. Ta faɗa mana gaskiya. Amma shi yana so."

Usaini ya ɗaga kafaɗa. "To, in dai mai lafiya ake nema, ga ni."

Ranar Asabar suka tafi, wani wurin ɗaukar hoto ne a gefen Bompai, cikin wani layi da ke tsakanin rufaffun kamfanoni. An hana Hasan shan maganinsa tun jiya da yamma, don a ga ƙwaƙwalwar yadda take ba magani. Usaini bai taɓa ganinsa a haka ba. Jiki ya sandare kamar icce, yawu na zuba, sai da shi da mai adaidaita sahu suka kama shi kafin ya sauko.

Dakta Rufaida ce ta tarbe su, mace siririya mai gilashi, ba ta wuce sa'ar 'yar Usaini ta fari ba. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta nuna musu wani ɗan ƙarfe mai faɗin kwalin ashana.

Ta ce, "Baba, wannan za mu ɗaura muku a hannu. Zai yi ɗumi, ɗumin ya riƙa ƙaruwa, ya huce, ya sake. Ba zai ƙona ku ba. Da zarar ɗumin ya koma zafi, sai ku danna wannan maɓallin. Injin kuma yana ɗaukar hoton wuraren da ke aiki a ƙwaƙwalwa a daidai lokacin."

Wani ma'aikaci ya yi wa Usaini tambayoyi a tsaitsaye. Akwai hawan jini? Babu. Akwai inda ke ciwo? Babu. Ƙarfe ya taɓa shiga ido? A'a. Aka sa suka cire zobe da agogo da duk wani abu na ƙarfe.

Hasan aka fara shigarwa. Aka kwantar da shi, aka tokare kansa da soso ta ko'ina don kada ya motsa, gadon ya ja shi cikin bakin injin, wani farin rami kamar ganga. Usaini na tsaye bayan gilashi. Abin da kawai yake hangowa shi ne tafin ƙafafun ɗan'uwansa, yatsun a murɗe. Injin ya kama bugu kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ba a jima ba wata 'yar fitila ta kama a gaban likitar. Hasan ya danna. Aka sake, ya sake dannawa, tun ma kafin a je ko'ina.

Kunya ta kama Usaini. A ransa ya ce, ka ba da mu a gaban yarinya.

Da aka zo kansa ya kwanta da niyyar ya nuna musu. Ramin ya fi yadda ya zata matsi, rufin na dab da hancinsa, har ya tuna kabari ya yi salati. Ƙarfen ya soma ɗumi. Nan take, tun bai shirya ba, ya ji abin ya cije shi, zafin ya haura har kafaɗarsa ta hagu, wadda dama ta kwana biyu tana damunsa bai faɗa wa kowa ba. Ya datse haƙora. Ya ƙi dannawa sai da gumi ya keto masa.

Muryar likitar ta shigo ta abin da aka toshe masa kunne da shi. "Baba, ba gasar jarumta ba ce. Da kun ji zafi ku danna."

Ya ce to. Amma haka ya ci gaba da yi har aka gama.

Ya fito yana tafiya zuwa inda ya bar takalmansa, sai ya ji ido a bayansa. Dakta Rufaida ce ta tsaya tana kallonsa. Ta ce don Allah ya je ƙarshen barandar ya dawo. Ya je ya dawo. Ta shigar da shi wani ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri. Na dama ya yi lafiya. Na hagu ya fara da kyau, sannan ya ƙanƙance, ya tsaya. Ta kama gwiwar hannunsa tana lanƙwasawa tana miƙewa. Daga nan ta ce ya rufe ido, ta kawo wani abu kusa da hancinsa.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai."

"Wannan fa?"

"Likita, ni a majema nake aiki. Hancina ya daɗe da sabawa."

Ya buɗe ido ya ga kanumfari ne a tafin hannunta, da kwalbar turare a buɗe. Ta ce ya dawo bayan mako biyu, shi kaɗai.

Ya so ya ƙi zuwa. Abin da ya kai shi shi ne son ya ji an ce Hasan ya cika raki. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa wani abu mai kama da goron da aka ɓare gida biyu, toka-toka, da ɗigon ja da rawaya a wasu wurare.

Ta ce, "Da izinin Baba Hasan nake nuna muku, shi ya ce in nuna muku. Wannan na mutane masu lafiya ne da muka haɗa, a ɗumi kaɗan. Kun ga kusan babu komai. Wannan kuma nasa ne, a ɗumin nan dai."

Jan ya bazu a tsakiya da gefe kamar an watsa manja.

"Hoto ba ma'aunin zafi ba ne, ba zan ce muku ga yawan abin da yake ji ba. Amma ƙwaƙwalwa tana da hanyar da take rage zafi kafin ya iso ga mutum, kuma muna ganin ciwon nan yana lalata ta. Abin da wani zai ji ɗumi, shi wuta yake ji. Ba ƙari yake yi ba, Baba."

Usaini ya daɗe yana kallon jan. Can ya ce, "Nawa fa?"

Ta danna. Hoton da ya fito bai kai na Hasan ja ba, amma ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba a kan na masu lafiyar.

"Kun danna a makare, amma kanku bai jira ku ba. Ba da hoton nan nake gane ciwon ba, shi kaɗai ba ya nuna haka. Abin da na gani a hannunku na hagu ne, da tafiyarku, da hancinku. Ba zan iya sa ku cikin masu lafiya ba. Ina ganin ciwon ne, yana farkonsa."

"Gado ne ko aikin ne?"

"Ban sani ba. Zai iya zama ɗaya, zai iya zama duka biyun. Ba zan yi muku ƙarya ba."

"Nan da yaushe zan koma kamarsa?"

"Kowa da yadda yake zuwar masa. Akwai magani da zai taimaka shekaru."

Ya miƙe ya ce, "Kada ki faɗa masa." Ta ce wannan maganarsa ce, ba za ta fita daga bakinta ba.

Mutum zai zaci daga ranar Usaini zai tafi Dorayi ya rungumi ɗan'uwansa. Ya yi niyya. Juma'ar da ta biyo ya je har bakin layin, ya hango Hasan a ƙofar gida an jingine shi da bango, kai a sunkuye, Atika na goge masa haɓa da tsumma. Sai ya ga kamar kansa yake kallo, fuskarsa ce. Hancinsa ne, furfurarsa ce, har tabon da suka gada a gira. Ya juya ya hau mota ya koma Kumbotso.

Haka Juma'a ta bi Juma'a. Yana aika gaisuwa, yana aika cefane, yana cewa aiki ya yi yawa. Ya karɓi maganin yana sha a ɓoye a banɗakin kamfani. A kan injin ya koyi danne fatar da hannun dama, na hagu yana bi kawai. Wani lokaci fatar kan fito gefe ɗaya ya fi kauri, Ashafa, shugaban sashensu, ya ɗaga ta ya duba, ya kalle shi, ya wuce. Da rana in ya zauna cin abinci sai ya tura hannun hagu cikin aljihu. Ƙunar kafaɗar ta sauko baya. Yanzu da ya san sunanta sai ta fi da ciwo.

Ana cikin wata na huɗu Atika ta zo har gidansa. Ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam Usaini, me ya yi muku? In laifi ne ku faɗa ya ba ku haƙuri. Mutumin nan duk Juma'a sai ya sa an fitar da shi ƙofar gida tun azahar. Ba ya shiga sai an kira magariba. Ciki ɗaya kuka kwanta. Ko kare ne ya shekara hamsin a gefenku ai kwa leƙa shi."

Washegari ya tafi Dorayi.

Ya samu Hasan a ɗaki, ya rame, muryarsa ta koma kamar raɗa, sai an matso ake ji. Suka gaisa. Usaini ya zauna a bakin katifa, hannu a aljihu, yana ba da labarin kamfani, wane ya yi aure, wane an sallame shi. Hasan na kallonsa da idanun nan da ba sa ƙiftawa.

Ya ce, "Fito da shi."

"Me?"

"Hannun. Ɓoye shi ƙara masa rawa yake yi. Na gwada."

Usaini ya fito da hannun ya ɗora a gwiwa. Babban yatsan na murza manuni kamar mai jan carbi. Su biyun suka zuba masa ido.

Hasan ya ce, "Tun kafin mu je wurin hoton na gani. In kana tafiya ba ya lilo. Shi ya sa na ce a kira ka. Na san in ni na faɗa ba za ka ji ba."

"Ka sani, ka bar ni na shiga ramin nan ina cika baki?"

"To ya zan yi da kai?"

Usaini ya so ya ce wani abu a kan shekarun da ya yi yana kiransa mai raki. Abin da ya fito shi ne, "Yana ƙuna, Hasan. Kamar garwashi."

"Na sani."

"Yana raguwa?"

Hasan ya ce, "A'a."

Daga ranar ya koma zuwa, ba Juma'a kaɗai ba. Hasan ya riƙa koya masa abin da shi ya koya da wuya. Kada ya sha ƙwayar a kan nama ko wake, ba ta kamawa. Ya ajiye ta kusa da shimfiɗa ya sha kafin ya yunƙura da asuba. Ya sa a sauya masa maɓallan riga da manya masu sauƙin ɓallewa tun yanzu. Ya faɗa wa matarsa Aina'u da bakinsa kafin ta ji a wani wuri, ya kuwa faɗa mata, ta yi kukanta ta share hawaye. Wani lokaci ba sa ma magana. Usaini kan ɗora ƙafafun Hasan a cinyarsa yana miƙe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, su sake murɗewa, ya sake miƙewa.

Da damina haɗiya ta soma gagarar Hasan. Kunu ya sarƙe shi wata safiya, ya bi ta hanyar iska, ƙirji ya kama, zazzaɓi ya rufe shi. Kwanansa biyar a asibiti. Dakta Rufaida ta zo ta duba shi duk da ba sashenta ba ne, ta tsaya a gefen gadon ta yi masa addu'a. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, Usaini na riƙe da hannunsa, ba a san na wanda ke rawa ba a cikinsu sai da ɗaya ya tsaya.

Da aka ɗauko makara Usaini ya shiga gaba ya sa kafaɗa. Ba a yi taku nawa ba kafaɗar ta ɗauki wuta, hannun ya kama bugun katakon, har na baya suka ji makarar na girgiza. Wani maƙwabci ya matso a hankali ya ce, "Kawo, Malam, ka huta." Ya saki. Ya bi bayan mutane cikin taɓo har maƙabarta. Masu zuwa gaisuwa da ba su san su biyu ba ne sukan firgita in sun gan shi zaune a kan tabarma.

Bayan sadakar bakwai ya koma Challawa. Ya sa rigar aiki ya tsaya gaban injin, aka kunna, wuƙaƙen suka ɗauki juyi. Ya ɗauko fata ya shimfiɗa. Ya kalli hannunsa na hagu a kanta, tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da bakin injin. Ya kashe, ya tafi ofishin Ashafa.

Ya ce, "Ciwon Hasan ne da ni. Na kusa shekara da sani."

Ashafa ya cire hula ya shafa kai. "Na yi zargi, Malam Usaini. Na rasa ta inda zan fara ne."

"Ko shara ce a ba ni. Ko gadi."

"Wallahi da akwai da na ba ku. Kun ga yadda ake ciki, wuta ta gagara, an rufe sashe biyu. Masu gadin ma rage su za a yi." Ya kasa haɗa ido da shi. "Zan kai maganar sama. Ku je gida ku huta tukuna, za a neme ku."

Usaini ya san abin da za a neme ku ke nufi. Ya cire rigar aikin ya ninke ta, ninkin ya ƙi daidaituwa, ya bar ta haka a kan benci. Yaran sashen suka bi shi da kallo, wani ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Ya ce amin.

A waje rana ta ɗaga, titin babu kowa sai wata tirela da ke juyawa a cikin ruwan da ya kwanta. Tun yana saurayi bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan da ƙarfe goma na safe ba. Masu abinci ba su fito ba, masu adaidaita sahu sai lokacin tashi suke zuwa. Ya samu wani dutse a gindin katanga ya zauna yana jiran abin hawa.